Jan Magani a Hannun Habsu

Sanyi ne ya fara tarbar mu a Tunis, tun kafin wani mahaluƙi ya ce mana sannu da zuwa. Ni da na saba da kasuwar Gidan Rumji, inda rana ke dafa mutum tsakanin buhunan gero, sai ga ni ina kaɗa haƙora cikin babbar riga. Habsu, matata, ta ƙudundune cikin zane da mayafi. Ciwon daji ne ya kama ta a nonon hagu. Maraɗi sunka tura mu Yamai, daga Yamai dangi sunka haɗa kai anka ce mu fita waje. Ni dai abin da na zo nema ƙasar Larabawa guda ne, in koma gida da matata cikakkiya kamar yadda na fito da ita.

Wanda ya tarbe mu filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, Alhaji Ɗanjuma, wanda anka haɗa mu da shi ta salula. Ya rungume ni kamar uwarmu ɗaya, ya ce ya kama mana ɗakin da daga tagarsa ana ganin asibiti. Ɗakin yana can ƙololuwar wani tsohon bene, sai da Habsu ta huta sau da yawa kafin mu kai. Na buɗe taga na ce, "Alhaji, ina asibitin?" Ya miƙa yatsa can ƙarshen gari, inda wani farin gini ke ƙyalli kamar ƙwayar shinkafa, ya ce, "Ga ta can. Na yi ƙarya?" Wallahi bai yi ƙarya ba, ana ganin ta. Mota biyu ake shiga kafin a kai. Daga ranar salularsa ba ta sake shiga ba.

Mai gidan wata tsohuwa ce, kowa Hajja yake ce mata. Na gaishe ta da Larabcin da na koya gaban malaminmu, ta saki baki tana kallona, sannan ta fashe da dariya tana cewa, "Imam! Imam!" Ashe Larabcina na huɗubar Juma'a ne, nasu na titi daban. Abincinsu kuwa burodi mai tauri da taliya cikin jan yaji, safe da rana. Abin da ya riƙe ni shi ne garin geron da munka zo da shi. Habsu ɗiyar wani ƙauye ce kusa da Cadakori, kakanninta Fulani ne da sunka zauna sunka kama noma, amma nono bai taɓa barin gidansu ba. Ko da madarar kanti mai tsami ta dama fura, in na rufe ido sai in ji ni zaune ƙofar gidana. Da hannun dama take damu, kuma a hannun daman nan lokotoro, wato likita, ya ce za a riƙa sa mata magani, tunda ciwon yana hagu.

A asibitin munka gamu da Salisu. Muna tsaye gaban buro, inda ake rubuta majinyata, ina fama da guntun Faransancin da na tsinta a lakol, wato makarantar boko, da kasuwa, sai na ji an ce a bayana, "Malam, sannunku da hanya. Daga ina?" Na juya na ga mutum cikin farar riga, dogo, fari, haƙora jere kamar an auna. Anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, ɗan Agiye can wajen Maraɗi, ya zo koyon jinyar masu ciwon daji. Na riƙe hannunsa da hannu biyu ina godiya ga Allah. Murnar nan ba ta kai la'asar ba.

Da anka zaunar da Habsu kan kujerar shan magani, shi ne ya zo neman jijiya. Ya ɗauki hannun matata ya ɗora kan nasa, ya juya shi, ya ɗan bubbuga, ya bi da yatsa daga wuyan hannu zuwa gwiwa, a hankali, kamar mai zaɓen shadda. Ni ina tsaye. Tun da na auri Habsu ban taɓa riƙe hannunta gaban mutane ba, ko gaban ɗiyanmu. Sannan ya tambayi garinsu, ta faɗa, sai ya juya harshe zuwa Fillanci, wai uwarsa Bafillata ce ta wajen Gazawa. Nan take ta zama Adda Habsu, wato yayarsa. Ya faɗi wata magana, ta rufe baki da mayafi tana dariya. Rabona da jin dariyar nan tun kafin ciwon ya bayyana, kuma ni Fillancina bai wuce "jam" ba.

Na ce, "Mi ya ce?"

Ta ce, "Ba komi, Malam. Zancen shanu ne."

Shanu! A bene na uku, cikin birnin Tunis.

Kafin a saki maganin ya koma Hausa don in ji. Ya nuna mana wata ƴar leda mai ruwa ja wur kamar zoɓorodo, ya ce, "Wannan muddin yana cikin jijiya magani ne. In allura ta goce ya tsiyaya cikin nama, wuta ce, a hankali yake cin nama har a kai ga yanka. Adda, in kin ji zafi, ko raɗaɗi, ko da ƙaiƙayi ne a wurin allurar, ki faɗa nan take, kada ki jira." Habsu ta ce, "To." Na san wannan "to" ɗin. Matar da ta haifi ɗiyanmu duka ba a ji ƙararta daga bayan zana ba.

Zuwan farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, ban da amai da kasala da gashi da ya fara biyo mataji. Kullum Salisu ne, kullum Fillanci, kullum ni tsaye riƙe da jaka kamar ɗan dako. Ina hira da shi, ina dariya inda ya kamata, amma kishi nake ɓoyewa.

Ranar da abin ya faru, Salisu yana wani ɗakin da wasu majinyata. Wata Balarabiya mai fara'a ce ta sa allurar, ta duba da kyau, ta saki jan maganin. Na ce alhamdu lillahi, yau ni ne tafinta. Na jawo kujera na zauna kusa da matata, har ƙafa na ɗora kan ƙafa. Ana cikin haka anka shigo da wani namiji anka zaunar da shi kujerar da ke fuskantar mu. Habsu ta kai hannu ta jawo mayafi ta rufe kanta da ba gashi, ta rufe har hannun. Da hannun allurar ta ja.

Balarabiyar ta leƙo daga wajen wani majinyaci ta tambaye ni da Faransanci ko madam na jin ciwo. Na juya na ce, "Habsu, ya hannun?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Na ce wa matar, "Sa ba, madam," wato lafiya lau. Ta ɗaga mini kai ta ce tana zuwa.

Ku gaya mini, mi zan fassara? Abin da ta ce shi na faɗa. A garinmu ka iske mutum yana shure-shuren mutuwa ka ce ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Duk mun san haka. Amma a bakin matarka, tana kallonka ido cikin ido, sai ka ɗauka kai an ba ka ta gaskiya.

Sai ga Salisu ya shigo ɗaukar wani abu. Ya gaishe ni, ya gaishe ta da Fillanci. Na ga idonsa ya sauka ƙasa, kan ƙafafunta. Na bi idonsa, ashe ta dunƙule yatsun ƙafa cikin takalmi kamar za ta huda shi. Ya yi mata tambaya gajeriya, ta ba shi amsa da ba ta fi kalma biyu ba, murya ƙasa-ƙasa. Fuskarsa ta sake. Ya yi tsalle ya rufe igiyar maganin, ya yaye mayafin, ya ƙwala kira da Faransanci. Bayan hannun Habsu, sama da wuyan hannu, ya kumbura ya yi ja.

Na ce, "Cire allurar mana!"

Bai ko dube ni ba. Ya bar ta a wurin, ya haɗa sirinji ya riƙa zuƙo abin da zai iya zuƙowa, ɗan ja-ja ya biyo, sannan ya zare ta a hankali. Ni kuwa na kai hannu in murza mata wurin, kamar yadda kowa ke yi wa nasa in ya bugu. Sai ji na yi an riƙe mini wuyan hannu gam.

"Malam Idi, kada ka taɓa! In ka murza ka tura shi cikin nama."

Gaban Larabawa, gaban namijin nan da ke kallo, yaro ɗan Agiye ya hana ni taɓa hannun matata. Ya zaro alƙalami daga aljihu ya zana da'ira kan fatarta, ya kewaye jan wurin tsaf, ya ɗauki hoto da salula. Anka ɗora hannun kan matashi ya fi ƙirjinta tudu. Anka kawo ƙanƙara cikin busasshen tawul anka aza. Lokotoro ya zo da sauri, sunka yi magana, anka sa mata wani ƙarin ruwa a hannun hagu bisa dole, wai makarin jan maganin ne, sai an yi shi da wuri kuma za a maimaita kwanaki a jere.

Da hankali ya ɗan kwanta na ja Salisu gefe. Na ce, "Kai, wane irin aiki ne wanga? Mace ba lafiya, ƙasa ga sanyi, ku aza mata ƙanƙara? A garinmu kumburi gashi ake yi masa da ruwan zafi, a shafa man shanu, gobe ya saɓe."

Ya ce, "Malam, akwai wani irin maganin da in ya tsiyaya ɗumi ake sa masa, don jiki ya watsa shi ya shanye. Wanga ja ba haka yake ba. In ka ɗumama wurin ka buɗe masa hanya ya bazu. Sanyi ke tsare shi wuri ɗaya. Ba gashi, ba murza, ba man shanu, ba man kaɗe. A aza sanyi na ɗan lokaci a ɗauke, a sake azawa, kuma kada ƙanƙarar ta taɓa fata kai tsaye. Ka ga zanen can? In ja ya tsallake shi, ko wurin ya yi bororo ko ya fara baƙi, ku zo ko ba ranarku ba ce."

Na ce, "In ya yi baƙin fa?"

Ya ce, "Sai a yanke naman da ya mutu. Wurin kusa yake da jijiyoyin yatsu, wani lokaci yatsun ba su koma lanƙwasawa." Ya faɗa ba kwana-kwana, har na ji haushin gaskiyarsa.

Da munka koma ɗaki da rana, hannun yana ta zuga, Habsu ta jingina da bango ta rufe ido. Zuciyata ba ta yarda da zancen ƙanƙara ba. Uwata da gashi ta yi jinyar kowa, kakata ma haka. Na aza buta kan wuta, na ɗauko tsumma. Habsu ta buɗe ido ta ga tururi.

"Malam, na mi ne?"

"Kaɗan zan gasa miki, gefe-gefe, ba kan wurin ba."

Ta janye hannun zuwa ƙirjinta ta ce, "Salisu ya hana."

Wayyo Allah. Da mari ta kwaɗa mini da ya fi sauƙi. Na sauke butar da ƙarfi har ruwa ya fantsama, na ce, "Salisu ya hana! Salisu ya ce! To shi ya kawo ki ƙasar nan? Ni na tambaye ki, ina zaune gwiwata na taɓa taki, kika ce da sauƙi. Shi yana shigowa kika buɗe masa baki. Mi kika ce masa?"

Ta ce, "Na ce yana ƙuna."

"Ni ba ni da kunne?"

Ta koma ta jingina da bango. Na fita na bar ta, na sauka benen nan ina huci, na tsaya ƙofar Hajja, don ɗakinmu ba firigo. Na lalubo kalmar ƙanƙara cikin Larabcin littafi na faɗa, na nuna hannu, na nuna sama. Tsohuwar ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta buɗe firigonta ba ƙanƙara, sai ta kwaso ledojin ɗanyen koren wake da ya daskare, ta naɗe guda cikin tawul, ta hau benen da kanta tana nishi tana dafa gwiwa. Ta aza wa Habsu, ta sumbaci goshinta. Kwanakin nan duka haka ta riƙa yi, in leda ta narke ta sauko da ita ta hau da wata. Har yau in na ga koren wake sai na yi wa Hajja addu'a.

Kwanakin da sunka biyo baya, rayuwata ta koma cikin da'irar nan. Da gari ya waye in jawo hannun gaban taga in duba. Jan ya matso, ya matso, har ya zo ya jingina da layin ta gefen babban yatsa. Tsakiyar ta yi ɗan bororo, munka koma anka duba anka rufe da bandeji mai laushi. Fura ta tsaya. Na gwada damawa da kaina, ta fito gudaji-gudaji kamar an jiƙa tsakuwa. Kuma duk dubawar da zan yi, zanen wani namiji nake gani kan fatar matata. Ko alwala za ta yi sai ta kewaye shi, kada ya goge.

Da tawadar ta fara dushewa, muna asibiti wajen dubawa, Salisu ya zaro alƙalamin. Na kau da kai. Sai na ji ya ce, "Malam Idi, karɓi. Kai ke ganin hannun nan kowace safiya, ni ba kullum ba. In layin ya dushe ka bi kansa daidai, kada ka faɗaɗa, kada ka danna." Na karɓa ban ce na gode ba. Haushi ya ƙara kama ni, don na ga yaron ya karanta ni tas tun ranar farko.

Washegari da hantsi na zaunar da ita gaban taga, na ɗora hannunta kan gwiwata, na fara bin layin. Ni da ke auna tiya ba ta zuba, sai ga ɗan layi yana neman gagara ta. Ina cikin zanen, kaina ƙasa, ta yi magana.

"Malam, shi baƙo ne. In na ce masa da zafi, aikinsa ne, ya ji ya wuce ya ci abincinsa. Kai ranar da lokotoron Maraɗi ya faɗi sunan ciwon nan, tuwo ya kwana gabanka ba ka taɓa ba. Na ga yadda rigarka ta yi maka yawa. In ce maka da zafi a ƙasar da ba ka da kowa?"

Na ce, "Da kika ɓoye mini, ga inda ya kai mu."

Ta ce, "Haka anka rene ni."

Na ce, "To ni dai ban yarda ba. In akwai zafi, ni ya kamata in fara ji, ba ɗan Agiye ba. Ko ramewa zan yi in koma kara, ramata ce."

Ta yi ɗan murmushi ta ce, "Ka karkace layin." Na duba, na karkace kuwa.

Jan bai tsallake ba. Ya daɗe jingine da layin nan, sannan ya fara ja da baya yana komawa ruwan ƙasa. Bororon ya bushe, ya bar tabo baƙi-baƙi kamar girman dabino, fatar wurin ta yi tauri. Lokotoro ya sa ta dunƙule hannu ta buɗe, ta dunƙule ta buɗe, yatsu biyar duka sunka amsa. Ya ce daga yanzu ba za a sake neman jijiya a hannu ba, za a dasa mata wani ɗan abu ƙarƙashin fata, a ƙirji, ta nan magani zai riƙa shiga. Na yi murna ƙwarai, an gama riƙe hannu. Sai da munka fito na tuna inda ƙirji yake. Kafin in buɗe baki Salisu ya ce ya riga ya roƙi a bar wa ma'aikata mata aikin. Ko damar yin faɗa bai bar mini ba.

Sauran jinyar ta yi tsawo, anka yi aikin nonon, sanyi ya wuce zafi ya shigo, sannan anka sallame mu da sharaɗin komawa dubawa a Yamai. Ranar tafiya Salisu ya rako mu har bakin mota, ya ɗauki jakar da ta fi nauyi. Na yi masa godiya ta gaskiya, don ba don shi ba da hannun nan ya tafi. Amma da ya yi mata ban kwana da Fillanci ta yi dariya, na ce wa direba mu tafi, jirgi ba ya jira.

Bayan mun koma Gidan Rumji an gama zuwan ƴan sannu, wata rana da hantsi na shigo daga kasuwa na iske ta ƙarƙashin rumfa, ƙwarya tsakanin ƙafafu, tana damu. Ludayin na tafiya a hankali, tana yi tana tsayawa. Na zauna na ce, "Habsu, ya hannun?"

Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar gida, ta dubi wajen ɗakin girki, ba kowa. Ta ce, "Da zafi, Malam. In na daɗe ina damu, wurin tabon na ja."

Wallahi ban san lokacin da na washe baki ba. Ta ce, "Ikon Allah, ina cewa da zafi kana dariya?" Na jawo ƙwaryar gabana na karɓi ludayin, na ce ta nuna mini yadda ake murƙushe gudajin.

Muna cikin haka salula ta yi ƙara, lambar Tunis. Salisu ne, yana bin sawun majinyatansa. Munka gaisa, ya ce a ba shi Adda. Na miƙa mata na kasa kunne. Ya tambayi hannun, na ji ta ce da Hausa, "Da sauƙi, Salisu, alhamdu lillahi."

Na miƙa hannu na karɓe salular. Na ce, "Salisu, kada ka biye mata. Da zafi in ta daɗe tana aiki, wurin tabon na ja, ka tambaya mana lokotoro ko akwai abin da za a yi."

Ya ce, "To, Malam, zan tambaya. Kai ka lura da hakan?"

Na gyara zama, ludayi a hannuna yana ɗiga. Na ce, "A'a. Ni ta gaya wa."